John Wilkes Booth: Me Ya Sa Fitaccen Ɗan Wasa Ya Harbe Abraham Lincoln?

Wane ne Booth, daga wane gida ya fito?

An haife shi ranar 10 ga Mayu 1838 a wata gona kusa da garin Bel Air a jihar Maryland, shi ne na tara cikin 'ya'ya goma. Mahaifinsa, Junius Brutus Booth, ɗan wasan kwaikwayo ne da ya yi suna a Ingila kafin ya ƙaura Amurka a 1821. Wasa gado ne a gidan, domin yayyensa Edwin da Junius duk sana'arsu ke nan. John ya fara hawa dandamali a Baltimore a 1855 yana ɗan shekara 17. Maryland jiha ce da ake bauta a cikinta a lokacin, amma ba ta ɓalle ba a yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi tsakanin Arewa da jihohin Kudu masu bauta da suka ɓalle, shi ya sa gidaje da yawa suka rabu biyu. Gidan su Booth na cikinsu: Edwin yana tare da Arewa, John kuwa ransa yana Kudu.

Gaskiya ne kasawa a sana'a ce ta tunzura shi?

Ba gaskiya ba ne, ko da yake ana yawan faɗin haka. A farko ya yi ta tuntuɓe, yana manta kalamansa. Amma daga 1858 da ya koma Richmond, garin da daga baya ya zama babban birnin Kudu, tauraronsa ya haska, har ya kai yana samun kusan dala 20,000 a shekara, a zamanin da ƙaramin soja ke karɓar dala 13 a wata. An san shi da kyan fuska da iya wasan takobi da tsalle a dandamali. Shugaban Amurka Lincoln da kansa ya kalle shi a Nuwamba 1863 a gidan wasan Ford da ke Washington, inda daga baya Booth ya harbe shi. Mutumin da ya shiga gidan nan da bindiga ba mayunwaci ba ne, kuma babu wata shaidar cewa hankalinsa ya gushe.

To mene ne ainihin dalilinsa?

Da hannunsa ya rubuta shi. A wata wasiƙa ta 1864 da ya ba mijin yayarsa Asia ajiya, ya ce an kafa Amurka ne domin farar fata, ba domin baƙar fata ba, ya kuma kira bauta ɗaya daga cikin manyan ni'imomin da Allah ya yi wa ƙasar. Wannan ra'ayi ya daɗe da shi. A Disamba 1859 ya ari kakin wata rundunar sa-kai ta Richmond don ya tsaya a wurin da aka rataye John Brown, mutumin da ya ɗauki makami don 'yanta bayi.

A idonsa Lincoln azzalumi ne mai neman zama sarki. Ya ji zafin yadda aka riƙa tsare 'yan Maryland ba tare da shari'a ba, sannan shelar 'yanta bayi ta 1863 ta ƙara hura wutar. Akwai kuma wani abu da ke cin sa a rai: ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai shiga soja ba, sai ya shafe shekara huɗu yana wasa a biranen Arewa alhali sa'o'insa na mutuwa a fagen fama. Daga baya ya rubuta mata cewa ya fara ganin kansa matsoraci. Son a tuna da shi ma yana ciki. A Nuwamba 1864 shi da yayyensa biyu suka fito tare a wasan Julius Caesar a New York, labarin da Brutus ke kashe shugaba da sunan ceto ƙasa, kuma da Brutus ya kwatanta kansa bayan ya aikata abin. Amma in aka auna, ƙin 'yancin baƙar fata ne ya fi nauyi, kuma abin da ya faru ranar 11 ga Afrilu 1865 ya nuna haka.

Tun farko kisa ya shirya?

A'a, sace shugaban ya so yi, ya kai shi Richmond a yi musayarsa da fursunonin Kudu, tunda Arewa ta dakatar da musayar fursunoni. Ya tara mutane irin su John Surratt, David Herold, George Atzerodt da Lewis Powell. Ranar 17 ga Maris 1865 suka yi kwanto a hanyar wani asibitin sojoji, Lincoln bai bi ta nan ba. Daga nan Richmond ta faɗi ranar 3 ga Afrilu, Janar Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, ya miƙa wuya ranar 9, babu sauran inda za a kai wanda aka sace. Ranar 11 ga wata Booth yana cikin taron da ya saurari Lincoln yana magana daga tagar fadarsa, inda ya goyi bayan a ba wasu baƙaƙen fata ƙuri'a, masu ilimi da waɗanda suka yi soja. An ruwaito Booth ya ce wa abokin tafiyarsa wannan ne jawabinsa na ƙarshe.

Yaya aka yi ya isa kusa da shugaban ƙasa da makami?

Gidan Ford tamkar gidansa ne, har wasiƙunsa nan ake kawo masa. Da ya je karɓarsu da rana ranar Juma'a 14 ga Afrilu ne ya ji Lincoln zai zo kallo. Babu ma'aikacin da zai tare shi. Ɗan sandan da aka ba gadi, John Parker, ba ya kan kujerarsa. Booth ya shiga ɗan lungun da ke kaiwa mazaunin shugaban, ya tokare ƙofar da katako ta ciki. Ya san wasan da ka, don haka ya jira gaɓar da jama'a suka fi ƙyalƙyala dariya, lokacin da ɗan wasa ɗaya kaɗai ya rage a dandamali. Wajen ƙarfe 10:15 na dare ya harbi Lincoln a ƙeya da ƙaramar bindiga mai cin harsashi ɗaya. Manjo Henry Rathbone, wanda ke zaune tare da shugaban, ya kama shi, sai Booth ya yanke shi da wuƙa a hannu, ya diro dandamali yana ihun taken jihar Virginia da Latin, ma'ana haka ƙarshen azzalumai yake kullum. Lincoln ya cika da ƙarfe 7:22 na safe a wani gida da ke tsallaken titi.

Shi kaɗai aka nufa?

Mutum uku ne a dare guda, don gwamnati ta rasa kai. Powell ya daddaɓa wa sakataren harkokin waje William Seward wuƙa a kan gadonsa, amma ya rayu. Atzerodt, wanda aka ba mataimakin shugaba Andrew Johnson, ya karaya ya tafi shan giya.

Ina gudun ya lalace?

Ƙaramin ƙashin ƙafar Booth ta hagu ya karye, likita Samuel Mudd ya ɗora shi da asuba. Karayar ta rage masa sauri, ya kwashe kusan kwana biyar shi da Herold a ɓoye cikin dajin itatuwa suna jiran damar haye kogin Potomac. Yunƙurinsu na farko cikin duhu ya mayar da su gaɓar Maryland. A dajin ya nemi a kawo masa jaridu, ya tarar ana la'antarsa maimakon yabon da ya sa rai. Ya rubuta a ɗan littafinsa cewa ana farautarsa kamar kare saboda abin da aka girmama Brutus a kai.

Ranar 26 ga Afrilu dakarun doki suka ritsa su a rumbun taba a gonar Garrett, kusa da Port Royal a Virginia. Herold ya fito ya miƙa wuya, Booth ya ƙi. Aka cinna wa rumbun wuta, Sajan Boston Corbett ya harbe shi a wuya ta tsagar katako. Ya mutu bayan 'yan sa'o'i a barandar gidan yana da shekara 26. Da aka ɗaga masa hannayensa ya gani, sai ya ce: "Banza, banza."

Sauran fa?

Kotun soja ta yanke wa huɗu hukuncin kisa, aka rataye Powell, Herold, Atzerodt da Mary Surratt, mahaifiyar John Surratt, ranar 7 ga Yuli 1865. Mudd ya samu ɗaurin rai da rai, aka yi masa afuwa a 1869. A shekarar ce aka ba dangin Booth gawarsa, suka binne shi a maƙabartar Green Mount da ke Baltimore ba tare da sanya sunansa a kan kabarin ba.