Ma'anar "dirama terafi": ba kowane wasa a sansanin 'yan gudun hijira ba ne magani

Duk shekara idan 10 ga Oktoba ta gabato, wato ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, sai gidajen rediyo su cika da baƙi daga ƙungiyoyi. A 'yan shekarun nan akwai kalmar da ba ta barin bakinsu: "dirama terafi". Wannan ya ce sun kai dirama terafi sansanin 'yan gudun hijira, wancan ya ce sun yi wa ɗalibai dirama terafi a kan shaye-shaye, har ɗan siyasa ma ya ari kalmar ya yafa a jawabin buɗe taro. Idan mai gabatarwa ya nemi bayani, sai ka ji abin da aka yi shi ne an ɗauko matasa masu iya wasa, an kafa rumfa, an jera wa manyan baƙi kujeru, an yi wasa a kan illar ƙwaya, an tafa, an raba lemo, an watse.

Wannan wasan faɗakarwa ne, kuma ba abin rainawa ba ne. Mun san shi tun tuni. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun tsakiyar shekarun 1970 malamai da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo suke shiga Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa a kan matsalolin mutane, irin su taki da ruwan sha da tsafta. Ko tashen da yara ke yi da azumi ai faɗakarwa ce cikin raha. Amma faɗakarwa daban, jinya daban. Abin da ya raba su tambaya ɗaya ce: don wa ake yin wasan? A wasan faɗakarwa ana yi ne don mai kallo ya ɗauki darasi. A dirama terafi, wato jinyar damuwa ta hanyar wasan kwaikwayo, ana yi ne don shi mai yin wasan, kuma shi ne mara lafiyar. Ba a buƙatar ya iya wasa. Ba a rubuta masa abin da zai faɗa. Galibi ma babu 'yan kallo sai 'yan uwansa masu neman sauƙi, a ɗaki a rufe, tare da wanda ya karanci aikin.

Mutumin da aka fi danganta asalin abin da shi likita ne mai suna Jacob Levy Moreno. An haife shi a Bukarest ta ƙasar Romaniya a 1889, ya tashi a Biyena, babban birnin Ostiriya, inda ya gama karatun likita a 1917. Mutum ne mai son a san da shi, wannan ko masoyansa ba sa musu. A ranar 1 ga Afrilu 1921 ya kama wani gidan wasa a Biyena, ya ajiye kujerar sarauta a kan dandali babu kowa a kai, ya ce duk mai jin zai iya mulkin ƙasar da yaƙi ya rugurguza ya hau ya nuna. Taron bai yi armashi ba, mutane da yawa ficewa suka yi. Amma daga nan ya buɗe wani ƙaramin gidan wasa wanda ba a haddace komai a cikinsa, sai dai a ɗauko labarin jaridar ranar a kwaikwaya nan take.

A wannan gidan ne abin da ake yawan bayarwa a matsayin mafarin jinyar ya faru, kuma ya kamata a ba da shi cikakke. Akwai wata 'yar wasa da Moreno ya kira Barbara a rubutunsa. Kullum matsayin yarinya mai sanyin hali da kunya ake ba ta, kuma ta iya shi har mutane na zuwa don ita. Wani matashin marubuci da ba ya fashin zama a sahun gaba ya aure ta. Ba a daɗe ba ya zo wa Moreno da kuka: wannan da kuke gani kamar ba za ta iya kashe ƙuda ba, a gida ashar take zundumawa, idan ya tanka har duka take kai masa. Moreno bai kira ta ya yi mata nasiha ba. Ce mata ya yi ta daɗe tana yin salihar mace, lokaci ya yi da za ta gwada wani abu. A lokacin jaridu na ɗauke da labarin wata karuwa da aka kashe a wata unguwar talakawa, sai ya ba ta matsayin matar. Ta hau dandali ta yi zagi, ta yi kokawa, ta yi ihu, har 'yan kallo suka miƙe tsaye don tsoro. Aka ci gaba da ba ta irin waɗannan matsayi. Mijin ya riƙa dawowa da rahoto cewa faɗan gida ya ragu, idan ta taso ma ba ta nisa, wani lokaci sai su tuna wasan da ta yi su fashe da dariya. Daga baya Moreno ya hau da su biyun dandali suna kwaikwayon rigingimunsu na gida da kansu.

A nan masu ba da labarin kan tsaya, don nan ne ya fi daɗi. Sai dai masu bin tarihin Moreno sun gano cewa auren bai ɗore ba, kuma mijin ya kashe kansa a 1929. Ba wanda zai ce wasan ne sanadi. Amma ni dai labarin yana nuna mini abu biyu a lokaci guda: wasa na iya taɓa abin da magana ba ta kai gare shi ba, kuma fitar da abin da ke ciki a gaban jama'a ba shi ne warkewa ba. Shi kansa Moreno bai tsaya a gidan wasa na kowa-ya-zo ba. Ya koma Amurka a 1925, a 1936 ya buɗe asibiti a garin Beacon na jihar New York, ya gina dandali a cikin asibitin. Ya kira hanyarsa saikodirama, kuma matarsa Zerka ta ci gaba da koyar da ita shekaru da yawa bayan mutuwarsa a 1974.

To yaya zaman yake? Kashi uku ne. Da farko a ɗan motsa jiki da 'yan wasanni har mutane su saki jiki da juna. Sannan mutum ɗaya ya fito da abin da ke damunsa. A ce saurayi ne da mahaifinsa ya rasu suna cikin saɓani, shekara biyu ke nan ba ya barci sosai. Mai jagorantar zaman ba zai ce masa "ba mu labari" ba, zai ce "nuna mana". Ina Baba yake zama? A ƙofar gida, kan tabarma, bayan la'asar. Sai a shimfiɗa wani abu a wurin, ya zaɓi wani daga cikin mahalarta ya zauna a matsayin uban. Ya durƙusa ya gaishe shi. Yawanci daga nan maganar kan maƙale. Sai jagora ya sa wani ya tsaya a bayansa ya faɗi abin da yake jin saurayin ya kasa furtawa: "Baba, na ji haushinka." Idan daidai ne saurayin ya maimaita da bakinsa, idan ba daidai ba ne ya gyara. Ikon gyaran nan a hannunsa yake, ba a hannun kowa ba.

Sai babbar dabarar, wadda Moreno ya fi ji da ita: a ce su yi musaya. Saurayin ya koma kan tabarma ya zama Baba, ɗayan ya maimaita masa kalamansa, shi kuma ya amsa da muryar mahaifinsa. Mutumin da ya shekara biyu yana maimaita faɗan a zuciyarsa daga gefe ɗaya, yau an sa shi ya zauna a ɗaya gefen. Abin da zai fito daga bakinsa a wannan kujerar shi kansa bai san shi ba sai ya ji. Wani ya ji kansa yana cewa "na yafe maka tun tuni", wani kuma ya gane cewa tsohon tsoro ne ya sa shi tsanani, ba ƙiyayya ba. Wani ba ya samun ko ɗaya, sai a zama na gaba.

Kashi na uku shi ne wanda masu rumfa ba su ma san da shi ba. Ba a tafa wa kowa. Ba a cewa wane ya iya wasa. Wanda ya zama Baba sai ya tashi ya faɗa a fili cewa shi ba Baba ba ne, ya faɗi sunansa na gaskiya, a naɗe tabarmar. Sannan a zauna da'ira kowa ya faɗi inda abin ya taɓa rayuwarsa shi, ba shawara ba, ba wa'azi ba. Ana yin haka ne don kada wanda ya tona cikinsa ya tashi yana jin shi kaɗai aka kalla tsirara. Aikin kamar tiyata yake: yankan ba shi ne gwaninta ba, ɗinkin ne, kuma wanda bai iya ɗinki ba bai kamata ya ɗauki wuƙa ba.

Ga wani ƙarin bambanci da ko wasu masu ilimi ke haɗawa. Saikodirama ta Moreno tana sa mutum ya kwaikwayi rayuwarsa kai tsaye. Abin da aka fi kira dirama terafi a yau, wanda ya bunƙasa a Ingila ta hannun mutane irin su Peter Slade da Sue Jennings, ya fi son a bi ta bayan gida. Maimakon yarinyar da aka kai wa ƙauyensu hari ta kwaikwayi harin, sai a ba ta tatsuniya, ko 'yar tsana, ko abin rufe fuska. Ta ba da labarin 'yar akuyar da kura ta shigo garkensu. Ita ta san labarin wa take bayarwa, mai jinyar ma ya sani, amma akuyar ta tsaya tsakaninta da abin, don haka tana iya kallonsa ba tare da ya haɗiye ta ba. Gwanintar ita ce auna wannan tazarar. Idan ta yi yawa, wasa ne kawai, ba abin da ya motsa. Idan ta yi kaɗan, an mayar da yarinyar cikin daren da take gudu.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana alfahari a rediyo cewa an sa waɗanda abin ya shafa sun "kwaikwayi abin da ya same su" a gaban baƙi da kyamara. Ana tsammanin idan mutum ya yi kuka an taimake shi. Masana sun gwada irin wannan tunanin a wani fanni na kusa: a tara waɗanda bala'i ya afka wa nan da nan, a zama ɗaya, a sa su zayyana abin da suka gani dalla-dalla. Da aka tattara binciken, an ga ba ya hana ciwon firgici, wasu ma ya ƙara musu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina. Idan faɗa da baki a zama ɗaya na iya yin haka, ina ga a sa mutum ya yi da jikinsa, ana ɗaukar bidiyo, sannan motar ƙungiya ta tashi kafin magariba?

Wasu kuma daga sun ji bayanin sai su ce ai bori ne Turawa suka sa wa kwat. Na gane abin da ya sa: akwai kiɗa, akwai shiga wani hali, akwai mara lafiya a tsakiya. Amma ɗan bori bai yarda cewa kwaikwayo yake yi ba, cewa yake an hau shi. A ɗakin jinya kuwa mutum ya san sarai cewa wanda ke kan tabarma ba mahaifinsa ba ne, kuma zai iya cewa a tsaya a kowane lokaci. Wannan sanin shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

Game da ko tana magani, amsar gaskiya ita ce tana taimaka wa wasu, musamman yara da waɗanda magana ke yi wa wuya, da masu fama da kunya mai tsanani ko baƙin cikin rashi. Binciken da aka yi a kanta yawancinsa a kan mutane kaɗan-kaɗan ne, bai kai ƙarfin wanda aka yi a kan wasu hanyoyin jinya ta magana ba. Ba ta maye gurbin ƙwayar magani ga mai taɓin hankali irin wanda ke jin muryoyi. Irin wannan asibiti za a kai shi, Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, ba dandali ba.

A Birtaniya an kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a 1977, a Amurka a 1979. A Birtaniya sunan ma doka ce ke kare shi: sai ka yi digiri na biyu a fannin, ka yi rajista da hukumar da ke sa ido kan ma'aikatan lafiya, kafin ka kira kanka mai dirama terafi, in ba haka ba ka karya doka. A Najeriya sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. A irin wannan giɓin kowa na iya buga kati ya rubuta abin da ya ga dama a ƙarƙashin sunansa. Idan aka yi wasan faɗakarwa na awa biyu aka rubuta a rahoto cewa an yi wa mutum ɗari biyar jinya, a takarda an gama da su ke nan, kuɗin da aka ware don jinyarsu ya tafi a hayar rumfa da lasifika, kuma ba wanda zai sake komawa sansanin ya tambayi wa ke barci wa ba ya barci.