Sansanin hutu na koya wa yara kodin da haɗa mutum-mutumi: tambayoyin iyayen Katsina

Da zarar an rufe makarantu don dogon hutu, sai tallace-tallace su fara yawo a zaurukan WhatsApp na iyaye: a kawo yara su koyi kodin, su haɗa mutum-mutumi, su san ƙirƙirarriyar basira da ake kira AI. Ni malamin kwamfuta ne a nan cikin birnin Katsina, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya nake sha daga iyaye, a ƙofar masallaci ko a wajen ɗaurin aure. Ga waɗanda suka fi yawa.

Wai me ake yi a wannan sansanin?

Aji ne na ɗan lokaci, yawanci mako biyu zuwa huɗu, wanda wata makaranta ko cibiyar kwamfuta ke buɗewa a lokacin hutu. A ƙasashen Turai da Amurka hutun yana faɗowa ne a lokacin zafinsu, mu kuwa namu cikin damina yake, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Mafi yawa ba kwana ake yi ba, yaro ya je da safe ya dawo kafin azahar.

Ɗana shekararsa takwas, ko Turanci bai nuna ba. Zai iya kodin?

Zai iya. Kodin jera umarni ne dalla-dalla domin na'ura ta bi, wannan bayan wannan, ba tsallake. Yaron da ya san cewa a alwala ba a wanke ƙafa kafin fuska ya riga ya san tushen abin. Wannan jerin matakai shi ake kira algoridim, kuma kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ina gaya wa yara wannan a ranar farko, don kada su ɗauka cewa sun shigo gidan da ba su da gado a ciki.

Ƙanana ba a fara musu da rubutu. Akwai manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Kyauta ce, kuma akwai wadda ake saukewa a yi aiki da ita ba tare da intanet ba. Yaro yana jawo tubala masu launi ne yana haɗa su, sai kyanwar da ke kan allo ta yi tafiya, ta juya, ta yi magana. Wanda ya kai sha biyu ko sha uku kuma hannunsa ya saba da madannai, shi ake matsar da shi zuwa Python, yaren rubuta wa kwamfuta umarni da Guido van Rossum ya fitar a 1991, wanda manyan masu aikin AI ke amfani da shi har yau.

Mutum-mutumin fa? Gunki za a sa yarana su ƙera?

Sunan ne ke tsorata mutane. Abin da yara ke haɗawa a irin wannan aji galibi 'yar amalanke ce mai taya biyu ko uku, ba fuska, ba hannu, ba kamannin wani mai rai. Wanda ke da shakka ta addini ya je ya ga abin da idonsa, sannan ya tambayi malaminsa. Ya kuma sani cewa injiniya Isma'il al-Jazari ya rubuta littafi a 1206 yana bayanin na'urori masu motsa kansu, har da agogon ruwa da injinan ɗaga ruwa.

Kowane mutum-mutumi abu uku ne. Akwai abin da ke ji ko gani, wato sensa. Akwai ƙaramin allon da ke yanke shawara bisa umarnin da aka rubuta masa. Sai abin da ke aikatawa, ɗan injin lantarki ne mai juya taya ko fitila ko ƙararrawa. Allon da aka fi amfani da shi shi ne Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, sai micro:bit da BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya kusan miliyan ɗaya a 2016.

Aikin da na fi so yara su yi bai da taya ma. Kowa ya san yadda tankin ruwa ke cika ya yi ta ambaliya a unguwa saboda an manta an kunna famfo. Sai a ɗaura sensa mai aika sautin da kunne ba ya ji a bakin bokiti. Sautin ya bugi ruwa ya dawo, allon ya auna tsawon lokacin, ya gane tazarar da ta rage. Yaro ya rubuta: idan tazarar ta gaza santimita biyar, ƙararrawa ta yi kuka. Da wuya ya yi daidai a karon farko. Ko waya ta kwance, ko ya sa alamar "ya fi" a inda "bai kai" ya kamata. Zaman da yake yi yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya gano laifin, nan karatun yake, kuma malamin kirki ba ya fizge kayan ya gyara masa. Dabarar nan ce dai ake juyawa a auna danshin ƙasa, abin da duk ɗan mai lambu a Ajiwa ko Jibiya zai gane amfaninsa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To AI ɗin, me yaro zai koya a kai cikin mako biyu?

Ba zai ƙera wani abu mai kama da ChatGPT, manhajar AI da ake hira da ita, ba, kuma duk wanda ya yi maka wannan alkawari, riƙe kuɗinka. Abin da zai iya fahimta shi ne na'ura tana koyo daga misalai. Da kayan aiki irin Teachable Machine na Google, yara kan nuna wa kyamara ganyen zogale sau da yawa, su nuna mata na darbejiya sau da yawa, sannan su kawo sabon ganye su ga ko za ta gane. Idan duk hotunan zogalen a inuwa aka ɗauka, sai ta rikice a rana. Yaron da ya ga haka da idonsa ya daina ɗaukar amsar na'ura kamar yankan wuƙa, kuma wannan ya fi mini komai muhimmanci, domin manhajojin hira suna iya ƙaga bayani su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa, musamman a Hausa da tarihinmu inda rubutun da suka koya daga ciki bai da yawa.

A lura kuma: ƙa'idar ChatGPT ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu, kuma daga 13 zuwa 18 sai da izinin iyaye. Ka tambaya ko za a ɗora hoton ɗanka ko muryarsa a intanet, kuma kana da damar cewa a'a.

Ba zai ci lokacin Islamiyya da gona ba?

Sa'o'i biyu zuwa uku da safe sun isa. Fiye da haka yaro gajiya yake yi. Idan jadawalin ya hau kan hadda, a nemi wani wurin.

'Ya'ya mata ma?

Ƙwarai kuwa. Abin da zan roƙa shi ne a duba yadda ake raba aiki a rukuni, don sau da yawa maza kan kame allo da wayoyi a bar yarinya da riƙe littafi. Rukunin mata zalla yana magance wannan.

Yaya zan gane wurin da ya cancanci kuɗina?

Je da kanka kafin ka biya. Ƙirga kwamfutocin da ke aiki, ba waɗanda aka jera ba. Yara biyu ko uku a kan guda ɗaya babu laifi, har suna koya wa juna. Goma a kan guda ɗaya kallo ne kawai. Tambayi abin da ake yi idan an ɗauke wuta, akwai sola ko janareta? Tambayi wanda zai tsaya da yaran, da wanda aka yarda ya zo ɗaukarsu.

Riga mai tambari da satifiket mai ƙyalli ba sa nuna komai. A ranar rufewa ka ce wa ɗanka ya canza abu guda a gabanka: ƙararrawar ta yi kuka a santimita goma maimakon biyar. In ya buɗe ya gano layin ya canza, ya koya. In ya juya yana neman malam da ido, an haɗa masa ne.

Ba mu da kwamfuta a gida. Ba zai manta ba bayan hutu?

Zai manta in aka bar shi, kuma nan ne damuwata ta fi yawa. Amma akwai hanyoyi. Shafin MakeCode yana da micro:bit na gwaji a kan allo, Tinkercad kuma yana barin a haɗa Arduino da wayoyinsa ba tare da an sayi ko ɗaya ba. Akwai manhajojin da ke gudanar da Python a wayar Android. Gidaje uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi tsohuwar laftof guda, yara su riƙa karɓa-karɓa. Ko da yaron bai zama injiniya ba, tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma mun sha ganin hazikan yara daga ƙauyukanmu da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa linzami.

Sa'a ɗaya ranar Asabar ta isa ta riƙe abin. Ka zauna kusa da shi ko da ba ka gane ba, ka ce ya nuna maka inda ya gyara.