Nawa Za A Ware Wa Rufewa? Tambayoyi Da Amsoshi Kan Wasan Wuta Na Gida

Da zarar an shiga 15 ga Oktoba, shagunan Ingila suka baje kwalayen wasan wuta, wayata ba ta ƙara hutawa. Laifina ɗaya: na yi shekaru ina haɗa wa 'ya'yana da na 'yan'uwa ɗan wasan tartsatsi a daren 5 ga Nuwamba, shi ke nan aka naɗa ni sarkin wuta ba rawani. Tambayoyin bara su ne na bana. Na tara su a nan, duk wanda ya sake bugo mini zan ce ya karanta.

Kalma biyu kafin mu fara. Gangar jiki ita ce duk abin da za a harba daga farko har zuwa kusan ƙarshe. Rufewa kuma ita ce ruwan wutar nan na ƙarshe da ke sa mutane tafi. Kwali mai bututu da yawa da lagwani ɗaya, wanda ke ta harbi shi kaɗai in an kunna, Turawa na ce masa kek, ni ma haka zan kira shi.

Me ya sa sai 5 ga Nuwamba?

A 1605 aka kama Guy Fawkes da gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokoki, da nufin hallaka Sarki James na ɗaya. Tun daga nan ake tuna daren da wuta. Sauran bayani ka tambayi ɗanka, an koya masa a makaranta.

Dole ne sai an yi wata rufewa? Ba sai in yi ta kunnawa har su ƙare ba?

Ka taɓa zuwa gidan dambe ka ga an fara da manyan 'yan wasa, an rufe da 'yan sharar fage? To. In ka yi ta kunnawa yadda hannunka ya kai, mutane za su tsaya cikin sanyi suna kallon sama ba su san an gama ba, sai ka fito da bakinka ka ce "shi ke nan fa". Wannan kunya ce da kuɗinka.

Minti nawa ya kamata wasan ya ɗauka?

Ƙasa da yadda kake so. Shida zuwa takwas sun isa gida.

Malam, minti shida kacal? Mutane sun taso daga nesa.

Su ci shinkafa, su sha shayi, su yi hira. Don wannan suka zo. Wutar ƙari ce.

Zan iya sayen irin manyan nan da ake harbawa a London daren sabuwar shekara?

A'a. Duba jikin kwalin, akwai rubutu. F2 na lambun gida ne, 'yan kallo su tsaya aƙalla mita 8. F3 na buƙatar mita 25. F4 na ƙwararru ne, ba a sayar wa ni da kai. Ka fita da tef ka auna filinka kafin ka je shago, kada ka auna da ido. Yawancin gidajen da muke haya ba su da mita 25, kuma tsayawar mutane a bakin ƙofar kicin ba ta ƙara wa fili tsawo. Sai ka kai shekara 18 za a sayar maka, kuma haramun ne a dokarsu ka kunna a titi ko a filin jama'a.

To, kashi nawa na kuɗin zan ware wa rufewa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ni da amsa guda da zan ba kowa. Abin da nakan yi shi ne kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. Amma kada ka kama wannan kamar aya, domin na sha saɓa masa da kaina.

Fara da lissafi. A ce fam 300 gare ka. Ka cire 100 na rufewa, saura 200. In kana son gangar jiki ta yi minti tara, kuma kowane kwali na cin wajen daƙiƙa talatin, kana buƙatar kwali 18, wato kowanne bai wuce fam 11 ba. Ƙananan kaya ke nan, masu kama da juna, ana harba su ɗaya bayan ɗaya har 'yan kallo su koma kan wayoyinsu. In ka rage zuwa minti shida, kwali 12 kake nema, kowanne ya kusa fam 17. Kuɗin ba su ƙaru ba, amma kayan sun yi kauri. Saboda haka sau da yawa wanda ke kukan rufewarsa ta cinye masa kuɗi, ba rufewar ce matsalarsa ba, miyar ce ya tsinka da ruwa don ta kai wa kowa.

Sai abu na biyu, wanda mutane ba sa son ji. Girman rufewa ba a jikinta yake ba, yana ga abin da ya gabace ta. In ka yi minti shida kana harba kwali ɗaya-ɗaya, sannan a ƙarshe uku suka tashi tare, ido zai ga sama ta cika ko da kwalayen matsakaita ne. In kuwa tun minti na biyu ka fara haɗa biyu-biyu masu ƙara, to ka ɗaure kanka, sai ka nemo biyar ko shida kafin a san an shiga rufewa. Kowace ƙarar da ka kashe a tsakiya bashi ce, a ƙarshe za ka biya. Shi ya sa nake ɓoye abu ɗaya da ban nuna ba duk daren: ko dai faɗi, wato kek mai harbi kamar mafici hagu da dama, ko ruwan zinariyar nan mai saukowa a hankali kamar rassan itace, ko ƙarar tsawa. Ɗaya daga ciki, ba a ganinsa sai ƙarshe. Yaro ma ya san tsokar nama ba a fara ci da ita.

Yanzu ga inda lissafin ke karkata. In kuɗinka kaɗan ne ƙwarai, a ce fam 100, kashi ɗaya cikin huɗu ba zai sayo abin kirki ba. A nan zan iya cewa ka kai kusan rabi kan kek guda mai kyau, ka cika sauran da masu feshi daga ƙasa da 'yan rokoki, ka gama cikin minti huɗu. In kuma kuɗin sun yi yawa, kason rufewa sai ya ragu, domin sararin da ke saman gidanka yana da iyakar abin da zai ɗauka. Bayan kwali uku ko huɗu a lokaci guda, abin da ka ƙara haske ne kawai da hayaƙi, ba a bambanta fure da fure. Gara ka mai da rarar cikin gangar jiki.

Su wa za su kalla? In yawanci ƙananan yara ne, rufewa mai tsawa kuka za ta jawo, uwa ta ɗauki ɗa ta shige ɗaki a daidai lokacin da ka fi kashe kuɗi. A irin wannan taro nakan ƙarfafa tsakiya da launi, in yi rufewa gajeriya mai haske ba mai ƙara ba. In samari ne, su ƙarshen kawai za su ɗauka a waya, sai ka ɗan ƙara mata.

Tsawonta kuma, daƙiƙa talatin zuwa arba'in da biyar. Minti ɗaya shi ne iyaka a wurina. Rufewar da ta wuce haka ta zama wata gangar jikin, kunne ya saba, ido ya saba. Kuma kada yawan harbin da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Harbi 100 daga siraran bututu da za su ja minti ɗaya da rabi na tsakiya ne. Harbi 25 daga bututu masu faɗi da za su ƙare cikin daƙiƙa ashirin, wannan na rufewa ne. Ka duba nauyin albarushin da aka rubuta da giram, ka kalli bidiyon kwalin kafin ka saya, ka riƙe agogo da kanka, domin lokacin da ke jikin kwali kimantawa ce.

Duk wannan fa iska na iya rusa shi. Zan zo kanta.

Wani ya ce in yi rufewar ƙarya a tsakiya. Dabara ce?

Dabara ce in ka iya. Wajen kashi biyu cikin uku na wasan ka haɗa kwali biyu, a ɗan yi ihu, sannan ka sauko da mai feshi guda a hankali. Amma ta zama ƙanwa, kada ta kai yayarta. Na ga inda ta ƙarya ta fi ta gaske, mutane suka yi tafi suka nufi motocinsu, mai gida na bin su yana cewa a dawo akwai saura.

Ta yaya mutum ɗaya zai kunna uku a lokaci guda? In ɗaure lagwaninsu wuri ɗaya?

Kada ka soma. Kada ka yanke lagwani, kada ka ƙulla, kada ka buɗe kwali don ganin abin da ke ciki. Alhaji, yatsu goma Allah ya ba ka, ba a sayar da na canji. Akwai kwalayen da aka riga aka haɗa tun daga masana'anta, kek uku ko huɗu a kan katako ɗaya da lagwani ɗaya, an yi su ne don wannan aikin. In ba haka ba, ku zama ku biyu, manya, kowa ya san nasa tun da rana, a kunna da doguwar sandar kunnawa, hannu a miƙe, fuska a kauce, a ja da baya nan take. Wanda ke da hali akwai na'urar kunnawa daga nesa da rimot.

Bara rufewata ba a ga komai ba sai jan gajimare. Kayan ne ba su da kyau?

Kwantar da hankalinka, kayanka lafiya lau, ni ma ta ci ni. Wata shekara na zuba kusan rabin kuɗina a rufewa, daren ya zo da raɓa, ko ganye ba ya motsi. Hayaƙin minti bakwai ya taru ya tsaya a kanmu, da na saki manyan sai muka ji ƙara muka ga hazo na canza launi. Daren Nuwamba a ƙasar nan ya saba da haka. Maganinsa: masu feshi daga ƙasa su suka fi hayaƙi, kada ka jera su dab da rufewa in ba iska. Ka bar sama ta yi duhu na 'yan daƙiƙu kafin ka saki ta ƙarshe, shirun ma yana ƙara mata kwarjini. In akwai iska, 'yan kallo su ba ta baya, ta kwashe hayaƙi da ɓurɓushi ta yi gaba da su. In ta yi ƙarfi sosai kuwa, a ɗage wasan, ba wanda zai mutu don an ɗage.

A ina zan ajiye kwalayen rufewar?

Can baya, nesa da sauran, a rufe da leda har lokacinsu, don kada tartsatsin wani ya tayar da su tun a minti na biyu. Kowane kwali a kafa masa turke ta ɓangaren 'yan kallo a ɗaure shi tam. Kek da ya faɗi kwance ba ya daina harbi.

Ina son shuɗi ya yi yawa a ƙarshe.

Sa shi a farko ko tsakiya. Shuɗi daga sinadarin tagulla yake, kuma shi ya fi kowane launi rauni. Ja na sitironiyom da kore na bariyom sun fi shi fitowa, farin nan mai kashe ido kuwa yana shafe shi gaba ɗaya. In ka jefa shuɗi cikin rufewa mai fari, ka sayi abin da ba za a gani ba.

Har ƙarfe nawa aka yarda?

A Ingila da Wales, ƙarfe 11 na dare. Daren 5 ga Nuwamba har 12. Sabuwar shekara da Diwali (bikin fitilu na 'yan Hindu) da sabuwar shekarar Sinawa har ƙarfe 1. Scotland dokarta daban. Amma doka daban, zaman lafiya da maƙwabta daban. Ka ƙwanƙwasa musu ƙofa kwana biyu kafin ranar, musamman masu karnuka da tsofaffi, ka gaya musu ƙarfe nawa za ka fara, minti nawa za ka yi. In ka ce minti bakwai, ya zama bakwai.

Wannan ba ƙona kuɗi ba ne kuwa?

Ƙona kuɗi ne mana, da wuta ma. Hukuncinsa ka tambayi malaminka. Ni abin da na sani, ba na taɓa kuɗin cefane ko na aike gida.

Zan je gida hutun Disamba, in yi wa yara irinsa a Kaduna?

'Yan sanda a jihohi da dama sukan hana nokawut da wasan wuta a ƙarshen shekara, ka fara bincika. Sannan lokacin hunturu ne, komai a bushe, ga janareto da jarkar fetur a kusan kowane gida. Ni ba zan yi ba.

An gama rufewa, sai na ga roka biyu sun rage, kwali ɗaya kuma bai tashi ba.

Rokokin ka bar su, kada ka harba. An yi tafi an gama, ka fito da 'yar roka "fiiit", ka zubar da duk abin da ka gina. Kwalin da bai tashi ba kuwa, ba mai zuwa kusa da shi, ba mai leƙa bakinsa, ba mai sake kunna shi. Ka hana yara fita filin, ka bar shi ya daɗe, sannan ka tsoma shi cikin bokitin ruwa ya kwana a ciki. Hajiya, ke nake roƙo ki riƙe mai gidan, don shi ne zai ce bari ya duba.