Me Ya Sa Niyya Kaɗai Ba Ta Karya Sabo?

Bayan ƙaramar Sallah, a wata majalisar shayi da ke unguwar Yelwa a Garwa, hira ta faɗa kan wani abokinmu. Wata guda cur ya yi bai kunna taba da rana ba, har ya rantse ya rabu da ita ke nan, amma kafin jama'a su gama Sitta Shawwal ya koma ruwa. Wasu suka ce raunin zuciya ne, wani dattijo kuma ya ce ai sabo turken wawa. Tambayoyin da samari suka yi mini a zaman nan ne na tattara, tare da amsoshinsu.

Malam, mene ne bambancin aikin sabo da aikin da aka yi da niyya?

Ɗauki mai babur ɗin haya da ya tashi daga Yelwa ya koma Rumde Ajiya. Ya san sarai inda sabon gidansa yake, amma ran da ya kwaso gajiya da dare sai ya tsinci kansa a ƙofar tsohon gida. Hannunsa ne ya karya kwana, hankalinsa yana can wajen lissafin kuɗin mai. Aikin niyya yana duba sakamako kafin ya motsa. Shi kuwa sabo, da ya ga alamar da ya sani sai ya tashi, ko da buƙatar ta riga ta wuce.

A farkon shekarun 1980, Christopher Adams da Anthony Dickinson na Jami'ar Kambirij a Ingila sun gwada wannan da ɓeraye. An koya musu danna wani ƙarfe su sami sukari, daga baya aka haɗa sukarin da maganin da ke tayar da zuciya har suka ƙyamace shi. Waɗanda suka danna ƙarfen sau 100 a lokacin horo sun ja baya. Waɗanda suka danna sau 500 kuwa suka ci gaba da dannawa, alhali abin da ƙarfen ke bayarwa ya fita ransu. Mu ma ba mu tsira ba. Wendy Wood da abokan aikinta a Amurka sun gano a 2002 cewa kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan da ɗalibansu suka rubuta, ana maimaita su ne kusan kullum a wuri guda, sau da yawa hankali yana wani wajen.

To a ina sabon yake zama a cikin ƙwaƙwalwa?

Tsara gobe da auna riba da hasara galibi aikin ɓangaren da ke bayan goshi ne. Sabo kuwa yana da alaƙa da wani curi da ke can ciki, wanda masana ke kira sitirayatom. Ann Graybiel ta jami'ar MIT da ke Amurka ta bi diddigin ƙwayoyin wannan wuri a ɓerayen da ke koyon hanya. Da farko ƙwayoyin suna aiki tun daga tashi har isa. Da hanya ta zauna, sai aikinsu ya taru a farkon tafiya da ƙarshenta, tsakiya ta yi tsit. Kamar ɗalibin allo ne da ya haddace sura: ka ja masa bakin aya, sauran ta zubo da kanta, amma ka tsayar da shi a tsakiya sai ya koma farko.

Mai ɗaure wannan ƙulli shi ne sinadarin dofamin. Wolfram Schultz ya nuna da birai cewa tun farko ƙwayoyin dofamin suna zabura ne idan ruwan 'ya'yan itace ya sauka a baki ba zato. Da birin ya gane alamar da ke gabatar ruwan, sai zaburar ta koma kan alamar. Shi ya sa ƙarar saƙon WhatsApp ke fizgar hannu tun ba a san abin da ke ciki ba, kuma sau tari ba komai ba ne illa gaisuwar Juma'a da aka tura wa mutum 50.

Amma shi wannan ɗan'uwa namu ai ya yi wata guda. Me ya mayar da shi?

Azumi bai goge sabonsa ba, ya dai ɗauke masa abubuwan da ke tayar da shi. Babu shayin hantsi, babu zaman bakin shago bayan abincin rana, abokan shan ma kowa bakinsa a rufe. Ran Sallah duk suka dawo: benci ɗaya, kofi ɗaya, ashana a aljihun maƙwabci. Binciken Graybiel ya nuna cewa ko an daina ba ɓera lada har ya bar bin hanyar, da an dawo da ladan tsohon tsarin ƙwayoyin yake farfaɗowa nan da nan.

Akwai wani gwaji na 2011 da nake so. An raba wa masu kallon silima gugguru, wasu sabon suya, wasu kuma wanda ya yi kwana 7 ya yi sanyi. Waɗanda suka saba cin gugguru a silima sun ci tsohon kamar yadda suka ci sabon, duk da sun ce ba daɗi. Da aka yi gwajin a ɗakin taro, ko aka ce su ci da hannun da ba su saba ba, sai cin ya koma bin ɗanɗano.

Babban misali shi ne sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam. Lee Robins ta gano cewa kusan kashi 20 cikin 100 sun kamu da hodar heroyin a can, amma cikin waɗanda suka kamu kimanin kashi 5 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko bayan komawa gida. Ba wuri kaɗai ya canja ba, farashi da sauƙin samu da fargabar yaƙi duk sun canja. Duk da haka, a ganina karin maganar hali zanen dutse ta yi tsauri a nan. Zanen yana nan, sai dai ba ya karanta kansa sai an kai mutum gaban dutsen.

Da gaske ne kwana 21 ake yi sabo ya kafu?

A'a. Maganar ta samo asali ne daga wani likitan tiyata na Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Phillippa Lally a Landan ta bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabon sabo, ta ga tsaka-tsakin ya kai kwana 66, wasu 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai 254. Tsallake rana guda bai rushe komai ba.

Yaya ake shirin da zai kai ga aiki?

“Zan fara ajiya” buri ne kawai. “Idan na idar da Magariba, zan saka sefa 500 a asusu kafin in zauna majalisa” shi ne shiri, domin an faɗi lokaci da wuri da abin da hannu zai yi. Peter Gollwitzer ya daɗe yana nazarin wannan salo na “idan kaza, to kaza”, kuma a 2006 shi da Paschal Sheeran suka tattara gwaje-gwaje 94 da suka nuna yana ƙara cika alkawari sosai. Dabarar ita ce ka ara wa niyya ƙafar sabo. Mu kuwa muna da turaku biyar a kowace rana da ba sa gocewa, wato lokutan salla. Mata masu adashe ma sun riga masana gane wannan: ranar zubi sananniya ce, uwar adashe kuma tana tafe. A faɗi in Allah ya yarda, sannan a faɗi ƙarfe nawa.

Sai a yi hattara da ƙiyasin lokaci. A wani bincike na 1994 a Kanada, ɗalibai sun ce za su gama kundinsu cikin kwana 34, ya ci musu kusan 55. Mai ɗinkin da ya ce maka jibi ana gab da Sallah ba lallai maƙaryaci ba ne. Tambaye shi kwana nawa na bara ya ɗauka.

Me ya sa an fi komawa tsohon hali idan rai ya ɓaci?

Tsari yana son natsuwa, sabo kuwa ba ya neman komai. A 2009 masu bincike a Fotugal sun nuna cewa ɓerayen da aka daɗe ana takura wa sun karkata ga sabo, har sassan ƙwaƙwalwarsu masu auna sakamako suka tsuke. A mutane ma wani gwaji a Jamus a shekarar ya nuna irin haka, ko da yake waɗanda suka maimaita shi daga baya ba duka suka sami sakamako ɗaya ba. Don haka wanda ya yini kan babur cikin zafin Afrilu na Garwa, kada ya bar yanke shawara sai dare. Ya yanke tun da asuba, ya canja hanyar komawa gida idan ta bi ta gaban mai taba.

Tiramol kuma lissafinsa daban ne. Jiki kan dogara da shi, yawansa na kawo farfaɗiya, yanke shi farat ɗaya kuma na jawo zufa da ciwon gaɓɓai da rashin barci. Canja benci ba zai wadatar ba, sai an je asibiti likita ya tsara yadda za a rage shi sannu a hankali.