Ƙwannafi

Ƙwannafi zafi ne da ake ji a tsakiyar ƙirji idan ruwan asid na tumbi ya taso ya shiga bututun abinci. Yakan zo da gyatsa mai tsami, ko ɗaci a maƙogwaro.

Tsawon bututun abinci a babban mutum ya kai kamar santimita 25. A inda ya haɗu da tumbi akwai zoben tsoka da ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ya tsuke. Tumbi na da kauri na majina da ke kare bangonsa daga asid, bututun kuwa ba shi da irin wannan kariya. Da zarar zoben ya saki, asid ya taɓa shi, sai raɗaɗi ya tashi. Shi ya sa zafin ke tsananta in mutum ya kwanta ko ya sunkuya da cikakken ciki.

A Zariya akan ji kukansa cikin azumi: a cika ciki da ƙosai da kunu a buɗe-baki, a ci tuwo da sahur, a koma barci nan take. Abinci mai maiƙo, yaji, shayi mai kauri, lemon kwalba, sigari da ƙiba duk suna ƙara tayar da shi. Masu juna biyu sun fi shan wahalarsa, musamman a watannin ƙarshe, saboda sinadaran jiki na sassauta zoben, mahaifa kuma na danna tumbi.

Mutane da yawa kan ce olsa ce, alhali ita gyambo ce a bangon tumbi ko farkon hanji. Magungunan rage ciwo na ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis na ƙara dagula duka biyun.

Ana samun sauƙi da rage cin abinci da yawa lokaci guda, barin awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, ɗaga gado ta wajen kai, da kwanciya a gefen hagu. Maganin omeprazole na rage asid, ana shan sa kafin karin kumallo.

Wanda ke fama da ƙwannafi sau 2 ko fiye a mako, ko abinci na maƙale masa, ko yana rama, ko aman jini, ya kamata likita ya duba shi. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ana leƙa bututun da na'urar kyamara. Ciwon ƙirji mai zuwa da gumi, ƙarancin numfashi, ko mai sauka hannun hagu kuwa, yana iya zama bugun zuciya, a garzaya asibiti ba tare da jira ba.