Bayin Gonakin Shinkafa a Amurka: Ba Ƙarfinsu Kaɗai Aka Sace Ba

An daɗe ana ɗauka cewa bawa a gonakin Amurka ƙarfi ne kawai, dabarar noma kuwa ta Bature ce. Tarihin shinkafa a Karolina ta Kudu, wadda yanzu jiha ce a Amurka, bai yarda da wannan ba.

Turawan Ingila da suka zauna a can ba su gaji noman shinkafa ba. Mutanen Afirka ta Yamma kuwa sun yi shekaru dubbai suna nomanta, tun daga fadamun kogin Neja a Mali har gaɓar Senegal, Gambiya da Saliyo. Shi ya sa dillalan bayi a Charleston, birnin tashar jiragen ruwa na yankin, suke tallan mutanen waɗannan yankuna a matsayin waɗanda suka san shinkafa.

Bayin ne suka sare dazuzzukan fadama, suka gina madatsun ƙasa da magudanai don shigar da ruwan kogi gona da fitar da shi. Mata suna sussuka da turmi da taɓarya, suna sheƙe da faifai, kamar yadda aka saba a gida. Zuwa 1708, baƙaƙen fata sun fi Turawa yawa a yankin.

Kada kuma a ce wannan ilimi ya sama musu sauƙi. Suna wuni tsaye cikin ruwa da laka, zazzaɓin cizon sauro yana kashe su, jarirai suna mutuwa da yawa. Da zafi ya kama, masu gonakin sai su gudu birni, su bar bayin a cikin fadamar.