Illolin Cin Zarafi ta Hanyar Lalata da Yadda Ake Jinyar Waɗanda Abin ya Shafa

Cin zarafi ta hanyar lalata shi ne duk wata mu'amala ta jima'i da aka yi da mutum ba da yardarsa ba, ko aka yi da wanda bai isa ya ba da yarda ba, kamar ƙaramin yaro ko wanda ba ya cikin hayyacinsa. A 2024 asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa mata fiye da miliyan 370, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko makamancinsa kafin su cika shekara 18. A ɓangaren maza kuwa, kimanin ɗaya cikin 11 ne. Galibi mai laifin sananne ne ga wanda ya cuta, ɗan'uwa ko malami ko wani da aka amince wa, kuma wannan cin amanar yana cikin abin da ke sa raunin ya yi zurfi.

Illolin da suka shafi jiki su ne suka fi buƙatar gaggawa. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake farawa cikin sa'o'i 72 a sha na kwana 28, akwai kuma maganin hana ɗaukar ciki da ke aiki cikin kwana biyar.

Raunin zuciya shi ne mai daɗewa. Tun 1974 masu bincike Ann Burgess da Lynda Holmstrom suka bayyana alamominsa bayan sun tattauna da matan da aka kai asibiti a birnin Boston na Amurka, sannan a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa suka amince da ciwon firgici bayan mummunan al'amari, wanda ake kira PTSD, a matsayin cuta mai zaman kanta. Mai wannan ciwo yakan ga abin ya dawo masa kamar yanzu yake faruwa. Ƙamshin wani turare ko ƙarar rufe ƙofa ya isa ya sa gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa. Barci yakan gagara, mutum ya riƙa ƙaurace wa wurare da mutane, har rayuwarsa ta ƙuntata. Wasu sukan faɗa cikin matsananciyar damuwa, ko shaye-shaye, ko tunanin kashe kansu. Yara kuwa ba su cika faɗa da baki ba, sai dai a ga wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko karatunsa ya lalace ba gaira ba dalili.

Abin da ya fi cin ran da yawa daga cikinsu shi ne zargin kai: me ya sa ban yi ihu ba, me ya sa ban gudu ba? Amsar tana cikin halittar jiki, domin tsananin tsoro yana iya sandarar da mutum ya kasa motsi ko magana. Wani bincike da aka wallafa a Suwidin a 2017 ya gano cewa kashi 70 cikin ɗari na matan da aka bincika bayan fyaɗe sun fuskanci irin wannan sandarewa. Idan kuma aka ƙaryata mutum ko aka ɗora masa laifi a karon farko da ya buɗe baki, yakan yi shiru na tsawon shekaru, ciwon kuma ya ƙara kama jiki.

A 1992 likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta kasa murmurewa gida uku: samun aminci, sannan tunawa da abin da ya faru tare da jimaminsa, sannan komawa cikin jama'a. Matakin farko ba a tsallake shi, domin ba a tono labarin ga wanda har yanzu yake kwana gida ɗaya da mai cutar da shi. Ƙwararren mai jinya ba ya matsa wa mutum. Shi mai abin ne ke zaɓar abin da zai faɗa da lokacin da zai faɗa, saboda ikon da aka ƙwace masa shi ake son ya dawo hannunsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun tsara hanyoyin jinya daban-daban. Hanyar da Patricia Resick ta tsara musamman domin waɗanda aka yi wa fyaɗe takan ɗauki zama kimanin 12, inda ake ɗauko tunani irin na "laifina ne" a auna shi da abin da ya faru a zahiri, har mutum ya gane da kansa inda laifin yake. Ta Edna Foa kuma tana sa mutum ya tunkari abin da yake gudu sannu a hankali har tsoron ya yi sanyi. Akwai kuma EMDR ta Francine Shapiro, hanyar da ake haɗa tuna abin da ya faru da motsa idanu hagu da dama. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da irin waɗannan hanyoyi, ta kuma ja kunne kan ba da magungunan kwantar da hankali na rukunin benzodiyazefin a watan farko. A 2013 ɗin ne kuma aka wallafa wani gwaji daga gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda ya nuna cewa hanyar Resick ta rage wa mata alamomin ciwon sosai, alhali a rukuni aka yi ta, kuma ma'aikatan jinƙai da aka horar ne suka jagorance ta, ba likitoci ba.

Jinyar yara takan haɗa da uwa ko uba ko mariƙin da ba shi da hannu a laifin, domin gaskata yaro da tsaya masa na cikin manyan abubuwan da ke hasashen samun sauƙinsa. Alamomin kan iya tasowa daga baya, lokacin aure ko haihuwa ko shari'a a kotu, kuma a irin wannan hali akan koma a yi wasu 'yan zama tare da mai jinya.